Kada a ɓare wa maciji saɓa da hannu

Wasu masu kiwon maciji, da sun ga saɓa ta maƙale, sai su kama ɓarewa, wai taimako ne. Wannan yakan yage sabuwar fatar da ke ƙasa. Lafiyayyen maciji yakan tuɓe saɓarsa gaba ɗaya kamar safa. In ta fito guntu-guntu, galibi bushewar iska ce, musamman da hunturu. Ƙaramar mesa irin ta Ghana da Togo tana son laimar iska ta kai kashi 60 cikin 100, har fiye da haka lokacin saɓa.

In saɓa ta maƙale, a sa macijin cikin akwati mai jiƙaƙƙen tawul na minti 20, ya goga jikinsa da kansa. A duba ƙarshen wutsiya, domin ragowar saɓa takan ɗaure ta kamar zobe har jini ya tsaya. Wadda ta rufe ido kuwa, sai likitan dabbobi.