Askin da Roger Moore ya ja mini

Ranar jajibirin ɗaurin auren ƙanena na je gyaran fuska wurin wani dattijo mai aski a unguwarmu. Talabijin ɗin shagon na nuna Casino Royale, fim ɗin 2006, Daniel Craig ya sha duka, riga duk jini. Ina kan kujera, an ɗaura mini ƙyalle a wuya, bakina ya ƙi zama lafiya. Na ce ai duk cikin waɗanda suka fito a James Bond babu kamar wannan.

Injin aski ya tsaya cak a ƙeyata.

"Wannan ɗan damben?" in ji Baba. "Yaro, ka san Roger Moore kuwa? Fim bakwai ya yi, daga 1973 zuwa 1985, a silima muka gan su. Mutum ya gama da ƙato goma, kwat ɗinsa ko lanƙwasa babu, ya ɗaga gira ɗaya ya wuce. Naka kuwa kullum kamar an kwaso shi daga hatsarin mota."

Na ce to ai Moore ya tsufa a aikin, a fim ɗinsa na ƙarshe ya doshi sittin, da ƙyar yake gudu. Wani mai jiran layi ya tsoma baki da Sean Connery, wai shi ya buɗe fagen da Dr. No a 1962. Wani ya ambaci George Lazenby, mai fim ɗaya tal, ko kallon mai maganar ba a yi ba.

Baba dai yana magana yana nuni da hannun da ke riƙe da injin. Da ya zo kan cewa Bond ɗin Craig har mutuwa ya yi a 2021, abin da bai taɓa samun na Moore ba, sai hannun ya sauka a tsakiyar kaina. Na ji sanyi ya ratsa. A madubi na hango titi fetal daga goshi har tsakiyar kai.

Nan take aka ɗauke wuta.

Na ce, "Baba, a taimaka a tada janareto, gobe ɗaurin aure."

Ya ja kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa. "Waye James Bond?"

"Roger Moore ne, Baba."

"Ban ji ba."

Sai da na faɗa har masu shayi na waje suka juyo. Aka yi mini tal-kwabo, kuma ya caje ni kuɗin mai.