Me mai ra'ayin riƙau yake riƙe da shi?

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin ana cewa wane mai ra'ayin riƙau ne, wane kuma mai sassaucin ra'ayi, sai a wuce zuwa labari na gaba kamar an gama bayyana mutumin. A ganina waɗannan laƙubba ba su da ma'ana guda da za a ɗauka daga wannan ƙasa a kai waccan, kuma ɗan jaridar da ya furta su ya yi shiru ya bar mai sauraro a duhu.

A shekarun 1980 ana kiran Shugaba Ronald Reagan na Amurka mai ra'ayin riƙau, kuma kowa ya san irin ƙiyayyar da yake yi wa kwaminisanci. A daidai wannan lokaci, jiga-jigan kwaminis na Tarayyar Sobiyat da suka ƙi amincewa da sauye-sauyen shugabansu Mikhail Gorbachev su ma da wannan suna ake kiransu. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne yana kare gadon gidansu, amma gadon ya sha bamban.

Sassaucin ra'ayi ma haka yake. A Amurka, tun zamanin Shugaba Franklin Roosevelt a shekarun 1930, ana nufin mai son gwamnati ta sa hannu a tattalin arziki ta tallafa wa marasa ƙarfi, alhali a Ostareliya jam'iyyar Liberal, wadda sunanta ke nufin sassaucin ra'ayi, kuma wadda Robert Menzies ya jagoranci kafawa a 1944, ita ce gidan 'yan mazan jiya masu ra'ayin riƙau.

Wanda ya fi damuna shi ne laƙabin matsakaicin ra'ayi, domin tsakiya ba ta da mazauni sai an san su wa ke gefe da gefe. Da Hassan Rouhani ya ci zaɓen shugaban ƙasar Iran a 2013, kafofin labarai sun yi ta kiransa mai matsakaicin ra'ayi, duk da cewa malamin addini ne da ya yi shekara 16 yana sakataren majalisar ƙoli ta tsaron ƙasar, kuma sai da majalisar da ke tantance 'yan takara ta amince da shi kafin ya tsaya. Matsakaici ne a cikin waɗanda tsarin ya yarje wa takara, kuma abin da ya fi jawo masa sunan a ƙasashen Yamma shi ne yardarsa da zama teburin sulhu kan nukiliya, zaman da ya haifar da yarjejeniyar 2015. Wannan bayani ne ya kamata mai karanta labarai ya ƙara kafin ya juya takarda.