Ranar da kwamfuta ta ɗora wa marigayi bashi

Tun da Kawu ya ji an ce na iya kwamfuta hutuna ya ƙare. Ranar Asabar sai ga almajiri ɗauke da akwatin ƙarfe, Kawu na biye. Takardun ƙungiyar unguwa ne, wasu tun kafin a fara kashe naira a 1973. Wai in zuba su ciki yadda duk abin da ya nema zai fito masa nan take.

Na yi masa bayani cewa takardar da aka yi wa sikanin hoto ce kawai, kwamfuta ba ta san me ke jikinta ba. Sai an bi ta da manhajar da ke gane haruffa, ita kuma ta shimfiɗa rubutu a ɓoye ƙarƙashin hoton, shi ake lalubawa. Kawu ya ce, "Kai dai yi aikinka, ɗan nan, ban zo lacca ba."

Na yi sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci don hoton ya fito tas, yadda masana suka ce, na saki manhaja. To, tafiretan wancan zamanin babu haruffa masu lanƙwasa, sakatare da biro yake bi yana ƙara musu ƙugiya. Nan manhaja ta rikice. Duk ɓ ta koma 6, ɗ kuwa wani wuri "cf", wani wuri "ol". Na nemi "kuɗi" a takardun da ba abin da ke cikinsu sai rigimar kuɗi, kwamfuta ta ce babu. Inda manja ya ɗiga ta karanta shi baƙaƙe, dangwalen yatsan dattawa ma ba ta ƙyale ba. Shafukan ajami kam, tsutsotsi ta jero min.

Ina cikin wannan fama Kawu ya leƙo ta kafaɗata, idonsa ya sauka kan layin tsohon ma'aji, Allah ya jiƙansa. A takarda an rubuta saura £2 a hannunsa. Manhaja ta ɗauki alamar fam ta mayar 8, bashi ya zama 82.

"La'ilaha illallahu! Dama na faɗa!"

"Kawu, ai kuskure ne, duba takardar..."

"Kwamfuta ce za ta yi ƙarya? Me ya haɗa ta da shi?"

Kafin in ɗaga asalin takardar har ya kira ɗan marigayin a waya. Bayan La'asar zaurenmu ya cika, ni a tsakiya da laftof a cinya, ana ta ce min "Malam, nuna musu". Da ƙyar liman ya sa tabarau ya tabbatar fam biyu ne, ɗan marigayi ya ce a lissafa masa da kuɗin yanzu ya biya a huta. Nan wata sabuwar gardamar ta ɓalle, aka juyo kaina wai in tambayi kwamfuta. Na ce caji ya ƙare.