Mun share titi, mai gini ya ƙara haya

Tun jiya da na saka hoton shagon nan da aka buga wa katako a ƙofa nake karanta abin da kuke rubutawa, kuma raina ya ƙara ɓaci. Kowa sai cewa yake a yi haƙuri, a sake shirya aikin gayya, a sake dasa furanni. Wane aikin gayya kuma? Shekara biyu muna fita duk Asabar a wannan ɗan garin na Ingila, da tsintsiya da bokitin fenti, tsofaffi da yara, har titin da mutane suka ƙaurace wa ya fara samun masu wucewa. Sakamakonmu shi ne kamfanin da ya mallaki ginin, wanda ko sau ɗaya ba mu taɓa ganin wakilinsa ba, ya aiko wa baiwar Allah mai ɗinkin da ke shagon takardar ƙarin haya, wai saboda darajar titin ta tashi. Wa ya tayar da ita? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganata ɗaya ce kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: jama'ar da ba su mallaki gini ko ɗaya a titin kasuwarsu ba, duk gyaran da suka yi wa wani suka yi wa.

Wasu sun ce ai intanet ce ta kashe shaguna, babu abin da za a iya. Na ji. Na san Woolworths ya rufe shaguna kusan 800 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Na san Debenhams ya rufe shagunansa na ƙarshe a 2021, kamfanin Boohoo mai sayar da tufafi ta intanet ya sayi sunan da shafinsa na intanet kawai a kan fam miliyan 55, ya bar manyan gine-ginen a tsakiyar garuruwa ba kowa. Wilko ma ya bi sahu a 2023 da shaguna wajen 400. Duk gaskiya ne. Amma intanet ba ita ta sa kwaɗo a ƙofar shago shekara huɗu ba alhali ga mai ɗinki da mai gyaran keke suna neman wurin zama. Mai ginin ne ya sa.

Kuma ba hauka yake yi ba, lissafi ne. Ana auna darajar irin waɗannan gine-gine da yawan hayar da aka rubuta cewa suna iya kawowa. Ranar da mai gini ya yarda ya rage haya, ranar darajar ginin ta faɗi a takarda, bankin da ya ba shi bashi a kan ginin kuma ya fara tambaya. Don haka gara masa shago a kulle da tsohon farashi a rubuce, da shago a buɗe da farashin gaskiya. Da yawansu ma ba mutum ba ne da za ka je ka yi masa sallama ku zauna. Asusun fansho ne, ko kamfanin da aka yi wa rajista a wani tsibiri, yana da gine-gine a garuruwa hamsin, naku layi ɗaya ne a cikin takardunsa. Yaya za ka roƙi irin wannan da furanni?

An riga an gwada hanyar kwalliya, ba yau aka fara ba. A Disamban 2011 Mary Portas, masaniyar harkar shaguna, ta miƙa wa gwamnatin David Cameron rahotonta mai shawarwari 28 kan yadda za a ceto titunan kasuwanci. Aka zaɓi garuruwa 27, aka ba kowane kuɗin da bai wuce fam 100,000 ba. An yi ƙananan kasuwanni, an yi bukukuwa, an kafa kwamitoci, mutane sun yi aiki da zuciya ɗaya, ban raina ƙoƙarinsu ba. Sai dai fam 100,000 ba ya sayen gini a yawancin waɗannan titunan, kuma da kuɗin suka ƙare mabuɗan suna hannun waɗanda suke riƙe da su tun farko. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu ku dubi Dumfries a Sikotlan. Su ma titinsu ya mutu, gine-gine na ruɓewa, masu su suna nesa. Mutanen garin suka kafa ƙungiya mai suna Midsteeple Quarter, mallakar mazauna garin, kuma abin da suka sa a gaba shi ne karɓar gine-ginen ɗaya bayan ɗaya. Majalisar yankin ta miƙa musu na farko, suka nemi kuɗi suka sayi wasu. Suna gyarawa, ƙasa wurin sana'a, sama gidajen kwana, don titin da ba mai kwana a cikinsa da ƙarfe biyar yake mutuwa. A garin Hastings na Ingila ma haka. Jama'a sun sayi ginin Rock House a 2014, suka ƙara da tsohon ginin jaridar Observer a 2019, suka ƙayyade haya yadda ba za ta riƙa tsalle ba don kawai unguwa ta yi kyau. A can in kun share titi, kanku kuka share wa. Bambancin ke nan, babu wani sirri.

Wani ya rubuto min cewa ai akwai doka. Akwai, na karanta ta. Dokar 2011 ta ba jama'a a Ingila damar sa sunan gini a jerin kadarorin da al'umma ke amfana da su, in an tashi sayarwa a jinkirta wata shida su tara kuɗi. Amma dokar ta 2011 ta bar wa mai ginin ikon sayar wa wanda ya ga dama bayan wata shidan. Akwai kuma sabon ikon da aka ba majalisun garuruwa daga Disamban 2024, na yin gwanjon hayar shagon da ya zauna a kulle fiye da kwana 365 cikin shekara biyu. Wannan ya fi, kuma ina so majalisarmu ta yi amfani da shi gobe-goben nan. Amma hayar ba ta wuce shekara biyar. In ta ƙare fa?

Masu cewa ba mu da kuɗi, ban yarda ba. Mun tara na fenti, mun tara na fitilun biki, mun tara na buga takardun talla. Da tun farko hannun jari muka riƙa sayar wa junanmu, kowa gwargwadon ƙarfinsa, da yanzu muna da abin da za mu tunkari banki ko masu ba da tallafi da shi. Masu cewa riƙe gini wahala ne, rufi zai yi yoyo, inshora za ta ci mu, eh, zai yi yoyo. Gara yoyon namu mu toshe shi.

Wallahi na tsaya na ga matar nan tana loda kekunan ɗinkinta a mota, 'yarta na riƙe da kwalin zare, kuma matar ce ke dafa mana shayi duk ranar aikin gayya. Ba ta ce wa kowa komai ba. A taron wata mai zuwa ba zan ɗaga hannu ga ko kwabo na furanni ba sai an fara buɗe asusun sayen gini, wanda zai ji haushi ya ji.

Sannan tunda ana maganar, wa ya yanke shawarar rufe ban ɗakin jama'a na bakin kasuwa? Ana so tsofaffi su dawo cikin gari su yi wuni, an cire musu benci biyu, an kulle musu makewayi, reshen banki na ƙarshe ma ya tafi. Wani dattijo maƙwabcina ya ce min yanzu ba ya iya wuce minti arba'in a titin, dole ya hau bas ya koma gida. Na rubuta wa majalisa wasiƙa a kan wannan tun kafin hunturu, har yau ina jiran amsa.