Tsohuwar Zuma Da Littafin Cikin Waya: Nasiha Ga Ƙannena Na Zango

Assalamu alaikum ƙannena na Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Ayigya da sauran zangunan Kumasi.

Akwai wani littafin soyayya na Turanci da ke yawo a wayoyinku 'yan kwanakin nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban zo talla ba, kuma irinsa sun fi gaban ƙirge. Labarin kun san shi: yarinya da saurayi sun so juna a jami'a, wani abu ya gitta suka rabu, kowa ya kama gabansa, bayan shekaru sai ga su sun yi kiciɓis a wurin aiki, tsohon miki ya tashi, daga ƙarshe aka daidaita. Marubuciyar ta kame alƙalaminta, babu batsa, babu ashar, babu shiga ɗakin kwana. Shi ya sa ake tura shi ba kunya har ga 'yan matan da ba sa fashin makarantar dare, ana cewa ai wannan mai tsafta ne.

Na karanta shi, kuma ba shi ya dame ni ba. Abin da ke fitowa daga bakin waɗanda suka karanta shi ne ya hana ni yin shiru. A wajen kitso da gidajen biki na ji iri-iri. Wata ta ce ta yi kuka har aka kira asalatu. Wata tana jin haushin jarumar don ta wahalar da bawan Allah kafin ta amince. Wata ta ce tana rufe littafin ta buɗe WhatsApp ta leƙa hoton wani da ta yi shekara biyu ba ta kula shi ba, ta ga ko ya yi ƙiba. Wata kuma, matar aure mai goyon na biyu, ta ce cikin raha littafin ya tuna mata da wani ɗan ajinsu na Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, har ta kwana tana tunanin da shi ta aura da yanzu yaya. Aka kwashe da dariya, aka tafa. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba.

Kada ku ɗauka ina cikin masu cewa a daina karatu. A 2007 an tara littattafan soyayya na Hausa a Kano aka cinna musu wuta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ga shi yau rubutun ya koma cikin waya, ya ma fi da yawa. Yarinyar da ta saba zama da littafi mai shafi 300 har ta kai ƙarshensa, ita ce ba ta firgita da takardar Turanci ranar jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE. Kuma in dai za a karanta soyayya, gara wadda aka rubuta da kunya. Ku karanta. Amma ku san abin da ke hannunku.

Abin da ke hannunku haja ce, kuma tana da dokar kasuwa. Kamfanin Mills & Boon na Ingila tun 1908 yake buga littattafai, da labaran soyayya ya yi suna, kuma ƙa'idar wannan sana'a ba ɓoyayya ba ce: dole labari ya ƙare da masoya a tare, cikin farin ciki. Marubuciyar da ta karya wannan ƙa'ida, masu saye ba za su yafe mata ba. Wattpad, dandalin karanta labarai da kuke kwana a kai, a Toronto ta Kanada aka kafa shi a 2006, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kusan dala miliyan 600. Ba don Allah aka biya wannan kuɗi ba, idanunku da daren da kuke rabawa aka saya. A can babi-babi ake sakin labari, marubuciya tana ganin inda masu karatu suka fi ɗoki, sai ta ƙara gishiri a wurin. Tsaftar ma layi ce a kanti, Amazon na da rukuni guda na irin waɗannan littattafai. Ma'aunin nasu shi ne kada a kwatanta kwanciya, kada a yi zagi. Keɓewar saurayi da budurwa a ɗaki har tsakar dare, runguma, sumba, duk waɗannan suna iya wucewa a ma'auninsu. A namu ba sa wucewa, kun sani.

To, ku lura da wannan da kyau. Saurayin cikin littafin da ya dawo yana nadama, ya daina ƙarya, ya daina wulaƙanci, ya yi kuɗi, bai yi aure ba, bai ko kalli wata ba tsawon shekara bakwai, ba tuba ya yi ba. Rubuta shi aka yi haka. Tun kafin shafin farko an riga an yanke cewa zai gyaru, domin in bai gyaru ba littafin ba zai sayu ba. Saurayinki na Ayeduase, unguwar da ke gefen KNUST, wanda kuka sha zama a ƙofar masaukin ɗalibai kuna cin waakye a leda ɗaya, babu mai riƙe masa alƙalami. Hali zanen dutse ne, in ji mutanen da.

Marubutan nan kuma suna da wayo wajen zaɓen abin da zai raba masoyansu. Kullum ƙaramin abu ne mai sauƙin ɗinkewa: wasiƙar da ba ta isa ba, ƙawa ta kai gulma, an gan shi da wata ashe ƙanwarsa ce. Rana ɗaya a zauna a yi bayani, shi ke nan. Mu a nan me ke raba 'yan jami'a?

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Satumbar 2017, 'ya'yan zango da ke shiga KNUST da Jami'ar Ghana ta Legon da sauran manyan makarantu sun ƙaru, da yawansu su ne na farko a gidansu. Shekara huɗu ana tare, ana haɗuwa a taron GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, ana raka juna tasha. Sai a gama. Ita gida an sa mata ido, ƙannenta na bayanta, gwaggonni na tambaya. Shi kuwa sai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda a 2023 aka ɗaga alawus ɗinta zuwa sidi 715 da 'yan canji. Da wannan zai kama ɗaki? Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma ku je ku nemi ciki da falo a garin nan ku ji, shekara biyu za a ce a ajiye. Ga lefe, ga sadaki, ga hidimar biki. Wani sai ya ɗauki jaka ya nufi Jamus ko Italiya ko Amurka da alkawarin zai dawo, takarda ta riƙe shi shekara takwas. Wannan rabuwar talauci ce da rashin lokaci, kuma ita kam tana iya warwarewa. In ya samu abin yi, ke ma ba ki yi aure ba, ya dawo ta ƙofar gida, ba ni da ta cewa sai fatan alheri.

Amma akwai rabuwar da shekaru ba sa taɓa ta. In jininku ne bai haɗu ba, ke AS shi AS, to ko bayan shekara ashirin haka yake: kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A garin nan, a asibitin Komfo Anokye, aka fara gwada jarirai don gano cutar tun 1995, kuma kusan jariri biyu cikin ɗari a Ghana da ita ake haihuwarsu. Duk wadda ta taɓa kwana a gefen gadon yaro yana murƙususun ciwon ƙashi ba za ta ce so ya fi ƙarfin komai ba. In addini ne ya raba ku, ki tambayi kanki me ya sauya. In iyayensa ne suka ce ba za su haɗa jini da ƙabilarku ba, abin kunyar da har yau bai bar zango ba duk da sahu ɗaya muke tsayawa, to uwar tana nan da ranta, kuma gidanta za a kai ki. In kuwa hannu ya taɓa ɗaga miki, ko ya ci amanarki da ƙawarki, ko ya yaɗa hotonki, wallahi ƙanwata kada daɗin labari ya sa ki manta zafin ranar. Manzon Allah (SAW) ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya.

Na san abin da za ku ce: Yaya, ai addini bai hana kome ba. Gaskiya ne, ya ma buɗe masa ƙofa fiye da yadda wasu iyayenmu ke so. Ma'aƙil bin Yasar ya aurar da 'yar'uwarsa, mijin ya sake ta, ya bari har idda ta cika, sannan ya dawo yana biko. Ma'aƙil ya fusata ya rantse ba za ta koma ba, alhali ita tana son komawa. Aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana waliyyai tare wa mata hanya in sun yarda da juna bisa abin da aka sani na alheri, Ma'aƙil ya sauko ya ɗaura auren. Nana Zainab, 'yar Manzon Allah, ta rabu da mijinta Abul Asi shekaru, ita a Madina shi a Makka. Amma ku dubi yadda komen ya kasance. Sai da ya koma Makka ya mayar wa Ƙuraishawa dukiyarsu da ke hannunsa, kowa ya karɓi nasa, sannan ya bayyana Musuluncinsa ya taho. Abin da ya raba su ne ya fara gushewa, a fili, kowa ya shaida, kafin ta koma ɗakinsa.

Akwai kuma labarin da ba na jin marubutan soyayya za su so shi. Barira da aka 'yanta, aka ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa. Da a littafi ne, a nan za ku fara share ido kuna jiran ta juyo. Manzon Allah da kansa ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta, ba wanda ya kira ta mai taurin zuciya. Saboda haka ke da kike jin haushin jarumar littafi don ta ja aji, ki sani hawayen namiji ba bashi ba ne a kanki.

Yanzu ga ku matan aure, ku ne kuka fi tsaya mini a rai. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Saurayin jami'a ba ki taɓa ganinsa da kuɗin makarantar yara a wuyansa ba, ba ki taɓa kwana da shi yana zazzaɓi ba, bai taɓa dawowa daga kasuwar Kejetia a gajiye ba ciniki ba. Turarensa kika sani da kalamansa. Shi kuwa maigidan da ke fita tun duku-duku, kin san tsamin zufarsa da ɓacin ransa, sai ki ɗora su a sikeli ɗaya ki ce an cuce ki. Abin da gaisuwa yake farawa: ya gida, ya yara, kin tuna ranar kaza? Daga nan a koma goge saƙo kafin maigida ya shigo. Saƙon da sai kin goge shi, ke ma kin san matsayinsa. Mun ga gidajen da suka mutu a unguwannin nan ta wannan hanya, kuma ba kasafai mai zugar yake zuwa da goro bayan idda ba.

Ku ma samari kada ku noƙe kamar ba da ku nake ba. Kun gano cewa 'yan mata na karanta waɗannan littattafai, har kun haddace kalaman jaruman. Sai mutum ya bushe a waje, ko budurwarsa ta yanzu ta juya masa baya, ya tuna da lambar tsohuwar zuma, wai da ita ake magani. Maganin wa? In ta yi aure, ka ji tsoron Allah, hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya ɓata mace ga mijinta ba ya cikinmu. In ba ta yi ba kuma da gaske kake, ka san gidansu, ka san kawunta, ka san limamin unguwarsu. Wanda ya yi wata shida yana hira da ke da tsakar dare bai turo ko mutum ɗaya ba, ƙanwata, kin riga kin samu amsarki.

Sai ku masu jira, waɗanda suka kori manema uku huɗu don wani da ke Hamburg ya ce a ba shi lokaci. Littafi yana tsallake shekara bakwai da layi ɗaya, ke kuwa kwana-kwana za ki ƙirga su a ɗakin mahaifiyarki. Ki sa masa wa'adi, ki faɗa wa babba a gidanku, a kira nasa manyan a ji ta bakinsu. Ki sa a bincika miki ko yana da mata a can, domin 'yan zango a Turai sun san juna sarai, kiran waya biyu ya isa. Ku sake gwajin jini ko da kun taɓa yi, a asibitin da ke kika zaɓa. Ki yi istihara bayan binciken, ba a madadinsa ba. In an kai ga ɗaurin aure, a yi masa rajista a hukumance kamar yadda dokar auren Musulmi ta ƙasar nan ta tanada, musamman in mijin zai koma waje ya bar ki a nan.

Iyayenmu mata da ke karanta wannan a wayar 'ya'yanku, ku yi haƙuri da ni, kalma ɗaya ce. In yarinya ta zo ta ce wane ya dawo, kada a rufe ta da faɗa, don in an kore ta daga tsakar gida waya za ta koma. A zaunar da ita a tambaye ta me ya raba su tun farko, a bar ta ta faɗa da bakinta har ƙarshe, sannan a aika a kira yaron.