Jemage ba ya kashi ta baki

Yana damuna in ji manya suna cewa jemage ba shi da dubura, wai ta baki yake kashi. Na fahimci dalilinsu: kullum a rataye yake kai ƙasa, ana kuma ganin abu na faɗowa daga bakinsa.

To amma jemage yana da ciki da hanji da dubura, kamar akuya. Idan ya sami mangwaro, tauna shi yake yi, ya matse ruwan da harshe ya haɗiye, ya tofar da tuƙar. Ita ce ake tsinta a gindin bishiya. Abin da ya haɗiye kan narke da sauri, wani lokaci cikin rabin awa. Idan kashi ya zo, manyan jemagun nan sukan juyo su rataya da faratan fukafukansu, don kada su ɓata jikinsu.