Injin tace kitsen jini yana aiki, amma awon ƴaƴanmu ya fi gaggawa

Da an ce wane yana da kolestarol, wato kitsen jini, a Maradi sai ka ji mutane sun yanke hukunci, ai tsire da man gyaɗa ne suka yi mishi yawa, ya rage maiƙo kawai. To akwai waɗanda ko zogale kaɗai za su riƙa ci kitsen nan ba zai sauka ba, saboda gadonshi suka yi, hantarsu ce ba ta iya kwashe mugun kitsen da likitoci ke kira LDL daga cikin jini. Wasu Amurkawa biyu, Brown da Goldstein, su suka gano musabbabin wannan matsala har suka ci kyautar Nobel a 1985. Kuma abin ba kaɗan ba ne, kusan mutum ɗaya cikin 250 yana ɗauke da shi, siriri ko mai ƙiba.

Wanda ya gada ta wajen uwa da uba duka shi ne abin tausayi, yaro ɗan shekara goma za ka ga wasu ƙuraje rawaya a gwiwa da gwiwar hannu da tsakanin yatsu, jijiyar agara ta yi kauri, iyaye na ta shafa magani suna cewa ƙyasbi ne ko sammu, alhali zuciya na iya bugawa kafin ya kai ashirin. Irin waɗannan ne ake ɗora ma inji. Ana sa allura a hannu ɗaya jini ya fita, injin ya raba ruwan jinin ya tace kitsen kamar yadda ake tace gasara, ya maido ta ɗaya hannun. Awa biyu zuwa huɗu, kitsen ya sauka da fiye da rabi. Tun 1975 likitoci a Landan suka fara irin wannan aiki da musanyar ruwan jini, kuma Jamus ta yi nisa a kai.

Sai dai fa kitsen dawowa yake cikin kwanaki, dole a koma duk sati ko sati biyu har ƙarshen rayuwa. Duk wanda ya taɓa rakiyar ɗan'uwa wankin ƙoda ya san me wannan ke nufi, kuɗin mota, kuɗin magani, a sayar da gona a sayar da bisashe, ga wutar da ke ɗaukewa. Shi yasa ni ban ga hikimar mu fara da kukan a kawo mana inji ba.

Mafi yawan masu cutar ta gefe ɗaya suka gada, kuma ƙwayar statin mai rage kitsen jini da ake samu a farmasi tana riƙe da yawansu in an gano da wuri, ganowar ce babu. In uba yana da ita kowane ɗa rabi da rabi ne, in uwa da uba ne duka, ɗaya cikin huɗu na iya kwasar mai tsananin, mu kuma ga auren zumunci, ɗan wa da ƴar ƙane, ba na zaginshi amma dai lissafin kenan. Yadda aka fara wayewa da awon sikila kafin aure haka ya kamata a yi nan, duk gidan da magidanci ya yanke jiki ya faɗi bai kai hamsin ba, bayan an share makoki a kwashi ƴaƴanshi da ƙannenshi a kai su awon kitsen jini, kuma likitocinmu su riƙa tambayar me ya kashe baba da kawu kafin su rubuta takardar magani.